Sa Hannun Koci Puckett

Litinin, 13 ga Janairu, 4:10 na yamma

An manna sanarwa a ƙofar shagon aski da ta gidan mai. Ranar Asabar, takwas ga Fabrairu, a hutun rabin lokaci, Kwalejin Tolliver za ta sa wa filin ƙwallon kwandonta sunan Koci Delmar Puckett. Shekara arba'in da ɗaya mutumin nan yana horar da yaran garin nan, ya ci wasa ɗari bakwai da ɗoriya, sau biyu yana kai mu gasar ƙasa. Ko wanda ba ya ga-maciji da shi ya san ya cancanta.

Layin ƙarshe na sanarwar ne ya tsaya min a wuya. Wai Koci zai durƙusa a tsakiyar fili, a gaban jama'a, ya sa hannu a kan katakon da kansa. Washegari masu fenti su bi layin, su shafe shi da man sheƙi, ya zauna nan har jikokinmu.

Opal, mai teburin da ke jikin nawa a kasuwar gwanjo, ta same ni ina karantawa karo na uku.

"Dewey, kai da ya kamata ka taka rawa? Ƙwallayen nan naka masu sa hannun Koci, kafin ranar ko ɗaya ba za ta rage ba. Me kake murtuke fuska kamar wanda aka kama da kaza a riga?"

Na ce mata sanyi ne. Ta ce sanyin da ke sa gumi a goshi sabon yayi ne.

Laraba, 15 ga Janairu, 1:30 na rana

Mis Arlene, matar Koci, ta kira ni. Tun bikin godiya na Nuwamba ba ta bar kowa ya wuce barandar gidan ba, har fasto a tsaye yake addu'a ya juya.

Na same shi a kicin, da rigar sanyi an ɓalla maɓallanta a karkace, cokali a hannun hagu. Shi da bai taɓa yin komai da hagu ba sai nuna wa alƙalin wasa hanyar gida.

Ya ɗago ya kira ni da sunan gidanmu yadda ya saba, ya ce, "Sizemore. Har yau ƙiba kake yi?"

Na ce, "Ina ƙoƙari, Koci."

Na ji daɗi, na ce ashe raɗe-raɗin rashin lafiyarsa surutun gari ne kawai. Sai Mis Arlene ta ture kwanon wake gefe, ta ajiye masa takarda da biro, ta ce, "Del, rubuta wa Dewey sunanka."

Ba zan faɗi abin da na gani a takardar ba. Ta ninke ta huɗu ta sa a aljihu.

A baranda ta riƙe min hannun riga. "Ya sa na yi masa alkawari ba wanda zai sani. Ya ce a tuna shi yana ihu a gefen fili. To ga shi yanzu za su durƙusar min da shi a gaban mutum dubu biyu, su ba shi alƙalami."

Na ce, "Mis Arlene, me ya sa ni kika kira? Ga likitoci, ga manyan 'yan wasansa."

Ta ce, "Ɗan nan, kada ka raina min hankali. Ka san me ya sa kai."

Alhamis, 16 ga Janairu, 7:05 na safe

Ni ina ruwana.

Asabar, 18 ga Janairu, 5:20 na yamma

Kasuwa ta ci yau. Kowa Koci, kowa ƙwallo. Wata mata ta rungume tata kamar jariri, ta ce ɗanta na soja za ta aika wa. Na sa mata a leda biyu don kada dusar ƙanƙara ta taɓa tawadar.

Bari in rubuta wannan sau ɗaya, tunda littafi ba ya zuwa shagon aski.

Shekara huɗu na yi a ƙungiyar Koci, kuma bencin 'yan jiran canji ya fi kowa sanina. A 1987 da muka ci kofin yanki, mutane suka yi ta kawo ƙwallaye a sa musu hannu, har suka cika ofishinsa zuwa bakin taga. Shi kuwa rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan taɓo, kuma ya tsani zama. Ya jefo min maka, ƙaton alƙalamin nan mai kaurin tawada, ya ce, "Sizemore, tunda hannunka bai iya jefa ƙwallo a kwando ba, gwada shi a nan." Na gwada. Na yi wa D ƙaton ciki, na ja wutsiyar P har ƙasa, na yanke t biyun ƙarshe da layi ɗaya kamar saran adda. Ya duba ya ce, "Kai, wannan mutumin da alama yana da muhimmanci." Ya fita atisaye.

Shi ke nan, daga ranar duk ƙwallon da aka kawo ni ke sa mata hannu. Wadda ke tagar shagon aski, da wadda ke banki, da wadda ke cikin gilashi a ɗakin yara na asibiti. Duk.

Waɗanda nake sayarwa a teburina kuwa, ya sani. Ina jin ya sani. Ya sha wucewa ta gaban teburin bai ce komai ba, kuma Koci ba mutumin da ke shiru kan abin da bai so ba ne.

Talata, 21 ga Janairu, 11:45 na safe

Na sa taye na je ofishin daraktar wasanni, Mis Kendra Yount. Bara aka kawo ta daga Ohio. Yarinya ce mai kirki, matsalarta ɗaya, duk abin da ta rubuta a allon bangonta sai ya faru.

Na fara ta nesa, yadda nake wa mai son sayen agogo. Na yabi sanarwar, na yabi fentin ofis. Sannan na ce, "Ranki ya daɗe, ai manyan jami'o'i daga tsohuwar takarda suke kwafar sa hannun. Ina da masu kyau, zan ba ki kyauta."

Ta ce, "Shi ya sa namu zai fi nasu, Mista Sizemore. Mun yi hayar ƙaton allo. Kyamara za ta bi hannunsa, na can saman bene ma ya ga kowane harafi."

"Gwiwoyinsa fa? Tsoho ne."

"Akwai filo. Biyu daga tsofaffin 'yan wasansa za su riƙe shi."

"In makar ta bushe?"

"Na sayi shida."

Sai ta ajiye biro ta dube ni sosai. "Akwai abin da ya kamata in sani?"

Na sayar wa fasto injin yankan ciyawa marar inji. Na taɓa sayar wa ɗan sanda rediyon motarsa. Amma yau sai da na gyara taye sau biyu kafin in ce, "Babu, ranki ya daɗe."

Alkawarin ba nawa ba ne balle in karya shi.

Laraba, 22 ga Janairu, 3:00 na yamma

Mun fara. Ƙarfe goma na safe, don Mis Arlene ta ce kansa ya fi sakewa a lokacin. Na kawo ƙunshin takardar da mahauta ke naɗe nama, muka shimfiɗa a teburin kicin.

Na rubuta masa samfuri babba. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi wannan shirmen?"

"Sa hannunka ne, Koci."

"Mutum ya rubuta sunansa kamar yana ɗaure kyautar biki? Ɗan iskan wane ne?"

Mis Arlene ta juya baya tana wanke kofin da ta riga ta wanke. Kafaɗunta na rawa. Ban san ko dariya ba ce.

Asabar, 25 ga Janairu, 6:40 na safe

Ban je kasuwa da ƙwallaye ba yau. Na loda su a mota, na sauke, na sake lodawa, na sauke. Fitilu da tsofaffin faya-fayai zan kai.

Lahadi, 26 ga Janairu, 2:15 na rana

Fasto ya yi wa'azi a kan Koci. Wai mutum ne da bai taɓa barin wani ya ɗauki kayansa ba. Na duba takalmina har aka tashi.

Talata, 28 ga Janairu, 12:20 na rana

YA YI D!

D sosai, da cikinta da komai. Na riƙa cewa, "Ƙasa, Koci, juya, zagayo, tsaya!" kamar yadda yake mana a da, ya bi. Mis Arlene ta manna takardar a jikin firiji. Muka ci burodin masara da man shanu a tsaye. Ya ba ni labarin wasan da muka yi da 'yan Tennessee a 1986, ya faɗi sunan kowa, har wanda ya zubar da ƙwallo saura daƙiƙa tara. Ni ne. Wannan kam bai manta ba.

Saura harafi goma sha biyu, kwana goma sha ɗaya. Za a iya. Na ce za a iya.

Alhamis, 30 ga Janairu, 11:10 na safe

Ba D yau.

Alhamis, 30 ga Janairu, 4:30 na yamma

Ya jefi bango da makar. Ya tambaye ni ƙarfe nawa bas zai tashi, kada yara su makara. Na ce an ɗage wasan, Koci. Ya ce wa ya ɗage ba a faɗa masa ba. Sai ya dubi hannunsa na dama a kan tebur, ya daɗe, kamar wani ne ya manta shi a nan.

Na zagaya gari sau uku a mota ban san inda za ni ba. Ni ina ruwana, ni da ko ɗansa ba ni ba ne.

Asabar, 1 ga Fabrairu, 5:50 na yamma

Mutum bakwai suka tambayi ƙwallo. Na ce sun ƙare.

Da muna tattara kaya Opal ta miƙo min kofi ta ce, "Sun ƙare, ko mai sa hannun ne hannunsa ya gaji?"

Na ce ban gane ba.

"Dewey, shekara ashirin teburina na jikin naka. Ka ɗauka ban san me kake yi a bayan mota da murfin maka a baki ba? Ni ban ga komai ba, kamar yadda ban gani ba jiya da shekaranjiya. Amma ka rame, tsohon ɓarawo. Me ke faruwa a gidan Puckett?"

"Wake ake dafawa."

"To Allah ya sa ya nuna."

Ta san inda za ta tsaya. Shi ya sa ban taɓa cutarta ba, sai sau ɗaya.

Talata, 4 ga Fabrairu, 1:05 na rana

Na kawo wa Mis Arlene dabara a baranda: ranar Juma'a ta buga waya ta ce mura ta kwantar da shi. Ita ta karɓi furen karramawa a madadinsa, ni in ba su tsohon sa hannu, kowa ya tafi gida da mutuncinsa. Ta yarda. Har ta fara gwada muryar da za ta yi.

Ashe ƙofar ba ta rufu ba.

Yana tsaye da sandarsa. Ya ce, "Arlene, ranar da aka binne uwata na tsaya a gefen fili da yamma. Mura?" Ya juyo kaina. "Kai kuma, mai kwanon dabara, za ni. Ka sa a goge min takalmi."

Tas ya faɗe su, ba gargada. Abin da ke kashe ni ke nan. Bakin na nan wani lokacin. Zuciyar na nan kullum.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, 10:50 na safe

Del. Ya kai Del, sannan layin ya gangara ya fita daga takardar ya hau tebur.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, 3:40 na yamma

Na kai wa Hobart, mai kula da zauren wasa, kwalbar zuma, na ce ina so in ga fili ni kaɗai don tuna da. Ya ce, "Tuna me? Benci yana can gefe." Amma ya ba ni minti goma ya tafi shan taba.

Na durƙusa a tsakiya na zana sunan da fensir, siriri, yadda sai wanda ke durƙushe zai gani. Koci bin layi kawai zai yi. Bin layi yana iyawa, mun gwada sau biyu, ɗaya ya yi kyau.

Na miƙe gwiwata na ƙara. Zauren shiru, tutocin nasararsa na rataye a sama. Na ji kamar in yi addu'a, sai na tuna abin da na gama yi yanzu.

Asabar, 8 ga Fabrairu, 9:25 na safe

Ƙungiyar 'yan mata ta yi atisaye da sassafe, Hobart ya bi da tsumma. Na leƙa. Katako fes, kamar madubi.

Asabar, 8 ga Fabrairu, 6:15 na yamma

Zan rubuta yadda ya faru, kafin gari ya gyara min shi.

Zaure ya cika har kan matakala. Aka jera mu tsofaffin 'yan wasa, kusan mutum tamanin, masu tumbi da masu sanƙo, wasu daga Texas suka zo. Ni ina can ƙarshen layi. Da aka fito da shi, Mis Arlene na riƙe da gwiwar hannunsa, ihun da aka yi sai da katako ya yi rawa a ƙafata. Ya ɗaga sandarsa. Ya yi kyau, Allah ya sani, takalmi na ƙyalli. Aka karanto nasarorinsa. Wani likita da ya taɓa buga masa wasa ya ce ba don Koci ba da yanzu yana kurkuku, ya fashe da kuka a makirufo.

Sai Mis Yount ta cire murfin maka ta ba shi. Mutum biyu suka durƙusar da shi a kan filo. Ƙaton allo ya nuno hannunsa, kowace jijiya kamar igiya.

Ya ɗora bakin makar a katako.

Ɗigo ɗaya. Ɗigon ya fara faɗi, tawada na yaɗuwa. Hannun na rawa, allo na nuna wa mutum dubu biyu. Aka yi shiru. Wani a sama ya yi tafi don ƙarfafa shi, ba wanda ya taya shi, ya daina. Na ga leɓen Koci na motsi, yana neman harafin. Na dubi Mis Arlene. Ba ni take kallo ba, ba ta roƙe ni komai ba. Ta rufe ido ne kawai.

Ban san lokacin da na bar layi ba. Na karɓe makirufo daga hannun Mis Yount kamar nawa ne, na yi muryar kasuwa.

"Jama'a, ku yi haƙuri! Wannan tsohon mai taurin kai rabonsa da sa hannu a kan komai tun 1987. Ya ce aikin 'yan benci ne. Kuna ganin yau zai fara, don kun sa taye?"

Aka kwashe da dariya. Sun san halinsa, sun ɗauka shiri ne. Na durƙusa kusa da shi na buɗe tafin hannu. Ya dube ni. Ban san ko ya gane ni ba a wannan lokacin, kuma ba na so in sani. Ya sakar min makar, ya ce, makirufo na kamawa, "To yi sauri, kana cinye mana hutun rabin lokaci."

Zaure ya sake fashewa.

Na fara daga kan ɗigonsa. Da na so, da na ɓata shi kaɗan, na sa hannu ya yi gargada, a ce kwaikwayo na yi. Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye ba. Amma wannan ne zai zauna a filinsa. Na ja D da cikinta, na sauke wutsiyar P, na sare t biyun da layi ɗaya. Numfashi ɗaya. Ban taɓa yin mai kyansa ba.

Ina jin dariyar tana mutuwa tun ina tsakiyar Puckett. Daga layin gaba ta fara. Kowa a zauren nan yana da wannan hannun a falonsa, kuma ga shi a allo, ƙato, yana fitowa daga yatsun Dewey Sizemore ba ko tsayawa tunani.

Aka ɗaga Koci, aka yi masa tafi a tsaye, doguwar tafi, ya fita yana ɗaga sanda. Ba wanda ya kalli hannunsa kuma. Ni suke kallo.

Na miƙa wa Mis Yount makarta. Ta ce a hankali, "Na tambaye ka, Mista Sizemore."

Na ce, "Kin tambaya, ranki ya daɗe."

Ban tsaya rabi na biyu ba. An ce mun ci.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, 8:30 na safe

Tagar shagon aski ba ƙwallo. Sai da'irar da ta bari a kan katako.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, 4:45 na yamma

A majami'a bencin da na zauna ya yi min faɗi. Wani ya ajiye min ƙwallo a kan murfin mota, ba takarda, ba komai. Opal ta bugo ta ce gari ya rabu biyu: masu cewa ni ɓarawo ne, da masu cewa ni ɓarawo ne tun da can. Na tambaye ta me ake cewa game da Koci.

"Me za a ce? Wai har yau bakinsa na yanka."

Na sa ta maimaita.

Daga nan na wuce gidan. Mis Arlene ta buɗe ƙofa, ta gyara min kwalar riga kamar zan shiga gaban alƙali. Yana kicin, an buɗe masa jaridar gari, hoton filin ya cinye rabin shafi.

Ya ce, "Sizemore, zo ka ga. Ka je jiya?"

"Na je, Koci."

Ya ɗora yatsan hagu a kan hoton, ya bi layin a hankali tun daga D har ƙarshe.

"Arlene tana ta tsoro wai ba zan iya ba." Ya ƙwanƙwasa t biyun. "Dubi nan. Sara ɗaya. Kai da kake ta koya min, za ka iya wannan?"

Mis Arlene ta tsaya da butar kofi a hannu.

Na sunkuya na duba sosai, na girgiza kai.

Na ce, "Ina fa, Koci."